Dutsen da Gunvor Ta Mayar

Ɗan dutsen bai fi ƙwan kaza ba, amma da hannu biyu Gunvor ta riƙe shi tun daga garin Byxelkrok har jirgin ruwa ya tsaya a tsibirin Blå Jungfrun.

A nan ta tsince shi shekara ashirin da suka wuce, tana amarya. Kowa ya san abin da ake faɗa: tsibirin mayu ne, wanda ya tafi da dutsensa, masifa ba ta rabuwa da shi sai ya mayar. A lokacin dariya ta yi. Yanzu an yi mata tiyatar ciwon daji sau biyu, ranar Litinin kuma za ta ji sakamakon gwaji na ƙarshe.

"Malamar kimiyya guda, da camfi!" in ji mijinta Sixten. "Tuva, zo ki ga uwarki za ta ba mayu haƙuri."

"Baba, ka ƙyale ta mana," in ji 'yarsu.

Suka leƙa kogo, suka bi wata tsohuwar hanya mai murɗe-murɗe da aka jera da duwatsu. A hawan tudu numfashin Gunvor ya sarƙe. Sixten ya miƙo hannu ya karɓi jakarta.

Ta dube shi. Mutumin da ya shekara biyu yana kwana a ɗakin baƙi, wayarsa kullum a kife. Ko jakar asibiti bai taɓa ɗaukar mata ba.

A bakin ruwa ta durƙusa, ta ajiye dutsen cikin 'yan'uwansa. Sixten yana can baya, ya sunkuya wai igiyar takalminsa ta kwance.

Dab da shiga jirgi ya rataya mata jakar da kansa. "Kayanki ne, ke za ki fita da su."

A hanya ta ga yana goge tabarau da bakin riga.

"Ina shuɗin ƙyallenka?"

"Iska ta tafi da shi."

Ta jingina kanta a kafaɗarsa, bai janye ba. Ashe har dutsen ya fara aiki, ta ce a ranta.

Da suka isa masauki ta zazzage jakar tana neman maganinta. Aljihun ciki, wanda ba ta taɓa sa komai a cikinsa ba, ya yi nauyi. Ta zuge shi.

Dutse ne sumul, da gishirin teku a jikinsa, an naɗe shi da kyau cikin shuɗin ƙyallen tabarau.