Sunan Da Babu A Jikin Dutse

Sau uku Malama ta bi jerin da yatsa a fuskar kwamfuta. Mutum talatin da tara ne gobarar masaƙa ta ci, kuma sunan mahaifinta ba ya ciki.

Ranar Litinin za a fara sassaƙa sunayen a jikin dutsen tunawa, a filin da masaƙar take a da. Shugaban kwamitin aikin ya gaya mata a waya, cikin ladabi, cewa sai da takarda. Maganar baki ba ta hawa dutse.

Abin ya tsaya mata a rai. Shekara arba'in da ɗaya tana ɗauke da labari guda: an haife ta ranar gobarar, tana shigowa duniya uban yana fita. Inna, mahaifiyarta, ta faɗa mata sau ɗaya, ba ta ƙara ba har ta koma ga Allah bara. Hoto babu, wai duk sun ɓace lokacin da suka taso daga tsohuwar unguwa. Suna kawai aka bar mata, shi ma yanzu ana neman a hana shi wurin zama.

Sai ta ɗauki hutun kwana uku a makaranta, ta baje a teburin falo. Ɗakin adana tarihin garin ya zuba komai a intanet: tsofaffin jaridu, taswirar masaƙar, rahoton bincike, da katunan ma'aikata sama da dubu biyu, an ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsari ba. Rubutun hannu ne, injin nema ba ya karanta shi. Sai dai mutum ya yi ta buɗewa da kansa har idonsa ya yi ja.

Kawu ya kawo mata shayi ya ajiye. A saninta wan Inna ne, tela, shi ya riƙe su tun tana jaririya. Tsoho ne marar magana, mai tabo a girar hagu, wanda ko kasuwa ba ya son zuwa. Halinsa ɗaya ne ya ishi kowa: ba ya ƙaunar ƙofa a kulle. Sakatun gidan duk ya kwance su tun da daɗewa, har ta banɗaki.

"Ki bar matattu su huta, 'yar nan," in ji shi.

"Zan bar su, Kawu. In na ga nawa a cikinsu."

Ƙarfe biyu na rana ya miƙe kamar kullum, ya je ya buɗe ƙofar waje, ya leƙa. Babu kowa. Tun tana ƙarama yake haka, wai bugu yake ji. Da can tsokanarsa take yi, ta ce baƙinsa sun cika kunya. Yau ba ta ko ɗaga kai ba.

A rana ta biyu ta karanta rahoton. Ashe al'adar masaƙar ce a garƙame ƙofar sashen saƙa da kwaɗo in an shiga aiki, don kada wani ya fita da yadi a ƙarƙashin riga. Mutum ɗaya ke riƙe da makulli, zamansa a bakin ƙofa shi ne aikinsa. Ranar da wuta ta tashi, da misalin ƙarfe biyu, kujerarsa babu kowa. Waɗanda suka zo ceto sun ce sun fi minti goma suna jin bugun ƙofa daga ciki, sannan bugun ya ragu, sannan ya tsaya.

Rahoton bai ambaci sunan mutumin ba. Ya ce kawai dangin mamatan sun neme shi ruwa a jallo, amma shi da iyalinsa sun ɓace kafin gari ya waye.

Malama ta ture kwamfutar. Ta juya wajen Kawu.

"Kawu, ka ji wani marar imani. Ya sa makulli a aljihu ya yi tafiyarsa. Ubana yana ciki yana bugu. Wallahi in yana raye, ban yafe masa ba."

Keken ɗinkin ya tsaya. Kawu ya shafa aljihun gaban rigarsa, yadda ya saba yi in yana tunani. Ranar ko abinci bai ci ba.

Rana ta uku ta koma kan katunan. Masu rini, masu saƙa, masu gyaran inji, fuskoki baƙi da fari suna kallonta kamar kowa na jiran a kira sunansa. Ta wuce dubu ɗaya, ta wuce dubu da ɗari biyar. Wuyanta ya ƙage. Agogon bango ya buga biyu, ta ji Kawu ya je ƙofa, ya dawo, ya tsaya a bayanta.

Kati na gaba ya buɗe a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Sunan ne ya fara fitowa, harafi da harafi yadda Inna ta faɗa mata. Hawaye suka cika mata ido. Ga takarda ta samu, dutse zai ɗauke shi.

Sai layin aiki ya fito: mai riƙon makulli, sashen saƙa.

Sai hoton. Saurayi ne siriri, yana murmushi, da tabo a girar hagu.

Ba ta juya ba. Muryar ta zo daga bayanta, ƙasa ƙasa, kamar ta wanda ya shekara arba'in da ɗaya yana maimaita magana ɗaya a ransa.

"Aiko mini aka yi uwarki tana naƙuda. Na ce minti biyar kawai zan yi, in ga fuskarki in dawo."