Tiyo na Biyu

Tana zaune a gefen mijinta lokacin da ya sakar wa jirgin ruwansu na tsere wuta. Sau uku zafi yana kashe musu inji a tekun Arendal. Jiya ta gaji, ta huda ƙasan jirgin, ta ja wa akwatin sanyaya iskar injin tiyon ruwansa daban.

"Jibi gasa, kin huda mini jirgi, tsohuwa!" ya ce da ƙarfi.

"Kalli allura dai, sarkin mita."

Allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Ya yi dariya, ya tsayar da jirgin, ya tashi daga kujerar tuƙin da ya shekara ashirin a kanta.

"Zauna," ya ce. "Kin fi ni sanin halinsa. Jibi ni ne ɗan rakiya."