Hodar da Ta Daina Bin Maganaɗisu

Suwaiba ta sake kara maganaɗisu a jikin kwalbar. Hodar ko motsi ba ta yi ba.

Hodar zinki ce da take sirkawa da wani sinadari. Ta kowa ba ta bin maganaɗisu, tata kuwa tana bi, shi ya sa sunanta ya fita a makarantarsu ta Kaura Namoda. Mahaifinta, maƙeri a Kasuwar Daji, har ya rasu yana gaya wa masu kawo gyaran fartanya cewa ɗiyarsa ta gano abin da ya gagari Turawa.

Tun rasuwarsa, duk wadda ta haɗa ba ta bi.

"Mi kinka canza?" in ji malaminta, Dakta Zubairu.

"Wallahi Malam, babu. Sai dai..."

Sai ta tuna, ta gaya masa. Ɗan cokalin ƙarfen da Baba ya ƙera mata don juya hodar, ta adana shi bayan jana'iza, ta koma na roba.

Dakta ya sunkuyar da kai. "Ɓarɓashin cokalin ne, Suwaiba."

Ashe ba ta gano komai ba. Duk shekarun nan, aikin hannun Baba maganaɗisun yake ja.