Birkin da Ke Ɗumama Daɓe

Maƙwabta sun ce tsohuwar ta rikice. Dusar ƙanƙara na zuba a Seoul, ita kuwa ta rufe bututun da ke ɗumama daɓen ɗakinta, wai ba ta yarda da zafin da ba wuta ba.

"Kaka, so kike ki daskare?" in ji mai gyaran da ya zo duba bututun. "Zafin birkin jiragen ƙasa masu bi ta ƙarƙashin gari ake jawo miki. Direba ya ja birki, ke ki ji ɗumi."

"Birki? A ɗakina? Kowane direba?"

"Kowanne mana."

Ɗanta direban jirgi ne a can ƙarƙashin ƙasa. Tun da ya watsar da karatun likita ta daina ɗaga wayarsa.

Ta buɗe bututun. Da ɗumin ya iso tafin hannunta, sai ta sunkuya ga daɓen.

"Ɗana, yafe mini."