Jinin Gidan Dawuda Mai Kulki

Ni na gani da idanun nan nawa, tun suna iya hango allura a cikin rairayi. Duk wanda ya ce maka ya fi ni sanin maganar nan ƙarya yake, ni ne ma na riƙe wa askari ƙofar kotu.

Bayan yaƙin Turawa ne, a Nakkasa, unguwar Hausawa a Makka. Mukhtaru na gidan marigayi Dawuda Mai Kulki ya tarar da Awwalu mai ga-ruwa a bazan, inda ake layin ɗiban ruwa, ya fizge sandan ratayar garwa ya sauke masa a baki. Haƙora huɗu suka zube. Laifin Awwalu? Garwarsa ta ɗiso wa Mukhtaru ruwa a sabon takalmi.

Shi Awwalun zabgegen ƙato ne, tafin hannu kamar faifai, amma ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. A gidan Malam Tijjani tela ya tashi. Mukhtaru kuwa ɗan tsurut, yatsu sirara, sai murya kamar ta jaki a rami.

Da aka kai su gaban alƙali, bai ja zance ba. Bulala, sannan a kai Mukhtaru Jidda a sa shi jirgin Sawakin ta ƙasar Sudan. Mutumin da matarsa da 'ya'yansa duk suna Makka, a ƙetaren teku ko kare bai sani ba.

Sai Mukhtaru ya dafe ƙirji. "Ya shehi, ba ni na doke shi ba, jini ne! Kakana a Kano ya mari raƙumi sai da ya durƙusa. Ubana ya kori askarawan Turkawa da kulki ɗaya. Mu haka Allah ya yi mu, hannu yana riga hankali tashi. Ana yi wa mai ciwo bulala ne?"

Ya ci gaba da cika baki. Wai shi ne ɗan farin Dawuda, a kafaɗa ake yawo da shi, ana ƙwala masa kira tun daga bakin kasuwa. Ya nuna Awwalu. "Wannan kuwa, ko sunansa ubana bai taɓa faɗa ba. In ya hango shi kau da kai yake yi."

Alƙali ya shafa gemu. "Ɗayyib, to shi ke nan. Kawo mai shaida cewa abin gado ne, in duba ko zan bar ka a garin."

Mukhtaru da kansa ya ce a ɗauko Iya Baraka, tsohuwar ungozomar ayarin da ya zo da iyayensu a ƙafa ta Sudan. A kan hanya ta yanke wa rabin mazan Nakkasa cibi. Aka kawo ta a kan jaki, tana tauna goro da dasashi.

"Kakan ya mari raƙumi?" in ji alƙali.

"Ya mara, ɗan nan. Raƙumin bai ƙara jin kira ba."

"Dawuda fa?"

"Wannan ko sallama zai amsa maka, ka matsa baya."

"To jinin faɗa yana gidan?"

"Yana nan, wallahi, tsantsarsa."

Mukhtaru ya washe baki, har yana ɗaga wa Awwalu gira. Amma a ranar aka shimfiɗa shi ya sha bulalarsa, yana ihun "halas, ya askari, halas!" Ba a jima ba yana cikin jirgi yana amai.

Abu ɗaya na ƙara daga bakina. A hira nakan ce alƙali ya yi dariya har ya faɗo daga kujera. Bai faɗo ba, a kan darduma ma yake zaune. Amma sauran maganar tsohuwa, ga ta yadda ta tofar da goro ta faɗe ta:

"Sai dai ku ba ku san kunyar ɗan fari ba, ya shehi. Mu Bahaushe ba ya riƙon ɗansa na farko, shi ya sa Dawuda da tela suka yi musaya tun yaran suna goye. Kai ɗan tela ne, Mukhtaru. Mai jinin ga shi can, wanda ka fasa wa baki."