Fata Ce Ke Magana

A shekarun farko na samun 'yancin kai, wata waƙa ta game ƙasar Kazaure, amshinta "Gara ta ci rumbu, ta bar mana jinka." Mu yara mun ɗauka ƙwaro ake nufi. Ashe masu karɓar haraji ne garar, shi ya sa aka hana rera ta.

Babana makaɗin mahauta ne. Wata ranar kasuwar Gwiwa, bayan la'asar, ina zaune gefensa ina cin tsire, sai ya juya kalangunsa zuwa kiɗan waƙar, bakinsa a rufe. Ba a jima ba 'yan doka suka ratso rumfar.

"Kai, ba a hana wannan waƙa ba?" in ji babbansu.

"Ranka ya daɗe, ka ji na furta wani abu? Fata ce ke magana."

Suka kayar da shi, suka ɗora hannunsa na dama a kan kututturen saran nama. Har yau ina jin saukar kulkin nan a kan ƙashi, kamar an taka busasshen karan dawa. Na ƙwala ihu, wani mahauci ya danna fuskata cikin rigarsa mai ƙarnin kitse.

Daga cikin rigar na ji wata tsohuwa mai fura ta ɗauki amshin. Mata suka karɓa, sai kasuwar duka. 'Yan dokar suka yi cirko-cirko, sun rasa wa za su doka.

Baba bai sake kaɗa kalangu ba har ya rasu. Amma ran nan, a kan jakin da ya kai shi gida, dariya yake yi.