Alƙalami Mai Ƙaramin Ciki

"Wannan ma bakinsa da kaushi," in ji Don Eleuterio, ya ajiye alƙalamin.

"Kai dai tsohon nan akwai tsirfa!" in ji Doña Zoila mai shagon takardu. "Ɗan koyo da kai, sai iyayi kamar alƙali."

Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yan suka koma birnin Lima, kowace Asabar sai ya zo neman alƙalamin tawada mai araha, na farko a rayuwarsa. Ya tsoma, ya ja layi, ya kushe. Ita kuwa ta zuba masa shayi, su yi ta musu. In ya tafi, daga ita sai rediyo.

Ran nan ya nuna wani ɗan kore. "Naɗe min wannan."

Ta ɗauko masa shi. Ka san wanda ya samu abin da yake nema ba ya dawowa. Amma ta daure.

"Cikinsa ƙarami ne fa, nan da nan tawadar za ta ƙare. Ga kwalba, ka riƙa ɗurawa a gida."

Ya turo mata kwalbar, ya kira ta da sunan wasa. "Hannuna rawa yake yi, Zoilita. Ɓari zan yi. Sai dai in riƙa kawo miki alƙalamin ki ɗura min."

Sannan ya ɗaga kofin shayinsa, cike fal har baki, ya kai bakinsa. Ko ɗigo bai zuba ba.

Ta gani sarai. Ta mayar da kwalbar cikin kwali.

"Allah sarki. To, Asabar kar ka makara."